Ya sake ni ya ce zai karɓe yara: mene ne haƙƙina a Shari'a?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Kano ta ce: "Wata biyu ke nan da mijina ya rubuta mini saki ɗaya, a daren ya ce in tattara in bar masa gida. Ina gidan iyayena da yara uku: namiji ɗan shekara 9, mace 'yar shekara 5, da ɗan wata 8 da nake goyo. Tun da na fito ko ƙwayar hatsi bai aiko ba. Yanzu ya turo yayansa wai in ba da manyan biyu, ƙaramin kuma zai karɓa idan na yaye shi. Kayan ɗakina suna kulle a gidansa. Ana ta ce mini in na kai shi kotu sai na biya shi sadakinsa. Mene ne haƙƙina, kuma ta ina zan fara?"

Amsa: Allah ya kawo miki mafita, 'yar'uwa. Kafin komai, kada ki miƙa yaran nan ga kowa, kuma kada ki sa hannu ko dangwale a wata takarda da aka kawo miki da sunan sulhu sai wanda ya san Shari'a ya karanta miki ita. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'ar Musulunci na Arewa suke hukunci da ita, riƙon yara na uwa ne, ciyar da su kuma na uba ne. Abu biyu ne daban, kuma ɗaya bai rataya a kan ɗaya ba. Mutane ne suka haɗe su, har ya zama kamar doka a bakinsu cewa wanda yake ciyarwa shi ke da riƙo. Wannan al'ada ce kawai, kuma ita ce ta raba uwaye da yawa da 'ya'yansu ba tare da wani alƙali ya taɓa yanke hakan ba.

Mu fara da matsayinki ke kanki, domin bisa abin da kika faɗa har yanzu kina cikin idda. Saki ɗaya ga matar da aka tare da ita saki ne na kome. Iddarsa tsarki uku ce: tsarkin da aka sake ki a cikinsa shi ne na farko, kuma da zarar kin ga jini na uku idda ta cika. Mai ciki iddarta haihuwa ce, ko da washegari ta haihu. Wadda ta daina al'ada saboda shekaru tata wata uku ce. Amma mai goyo da jini bai dawo mata ba saboda shayarwa, ba ta lissafin wata uku kamar yadda mata da yawa suke yi. Jiran dawowar jinin take yi, ko da abin ya ja watanni. In ta yaye jinin bai dawo ba, sai ta ƙirga shekara guda daga ranar yayen. Wannan lissafi yana da nauyi ta fuska biyu. Duk tsawon wannan lokaci ciyar da ke wajibi ne a kansa, ci da sha da sutura da wurin kwana, daidai da lokacin da kike ɗakinki, kuma in ɗayanku ya rasu akwai gado a tsakaninku. Ta ɗaya fuskar, yana da ikon mayar da ke ba tare da sabon ɗaurin aure ko sabon sadaki ba, ko da ba ki so. Saboda haka ki riƙa rubuta ranakun da kika ga jini da ranakun da kika yi wanka. Maganar mace ake karɓa a kan cikar iddarta in lokacin da ta faɗa mai yiwuwa ne, kuma namijin da ya zo bayan idda ta cika ya ce ai tun tuni ya yi kome a ransa, ba a karɓar maganarsa sai da shaidu.

Korar da ya yi miki da dare saɓon Allah ne ƙarara. Aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matan da aka saka daga ɗakunansu, ta kuma hana su fita da kansu. Ɗakin da aka sake ki a ciki nan ne wurin iddarki. A aikace, wannan batu yana juyewa mata a kotu: miji ya zo ya ce ai ni ban kore ta ba, yaji ta yi, don haka ba ta da ciyarwa. Shi ya sa tun yanzu ki tantance waɗanda suka ga fitowarki ko suka ji lokacin da ya ce ki fita, ko maƙwabta ne, ko mai gidan haya, ko mai adaidaita sahun da ya kawo ki in kin san shi. Takardar sakin kuma ki ɗauki hotonta a waya, ki yi kwafi biyu ko uku, asalin ki ba wani amintacce ya ajiye miki a wajen ɗakin da kike kwana. Wadda aka yi wa saki ta saƙon waya ko ta WhatsApp ma haka, kada ta goge, domin ranar da ya musanta wannan saƙon ne zai tsaya mata.

Sai dai gara ki san iyakar abin da ke naki tun da wuri. Idan idda ta cika, ciyar da ke ta faɗi daga kansa. Babu wani kuɗin wata da Shari'ar Musulunci ta ɗora wa tsohon miji saboda bazawararsa. Wadda aka yi wa saki ba'ini, wato saki uku ko khul'i (rabuwar da mace take fansar kanta da dukiya), tun cikin idda ma wurin zama kawai take da shi a Malikiyya, ban da abinci, sai in tana da ciki, sai ya ciyar da ita har ta haihu. Kyautar sallama da aya ta 241 a Suratul Baƙara ta ambata mustahabbi ce a wannan mazhaba, alƙali ba ya tilasta ta. Abin da yake tilastawa shi ne bashi: ciyarwar watannin da ya hana ki alhali yana da hali, da ragowar sadaki in akwai ajalan da bai biya ba, da duk kuɗin da kika ranta masa. Akwai kuma ladan shayarwa. Muddin kina cikin iddar kome shayarwa ba ta da lada, amma daga ranar da idda ta cika kina da haƙƙin ya biya ki ladan shayar da ɗansa har a yaye shi, ban da kuɗin abincin yaron. Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ce ta faɗi haka, kuma mata kaɗan ne suke nema domin ba su san da shi ba.

Yanzu batun yaran, wanda shi ne ya fi damun ki. Malikiyya ta fi sauran mazhabobi tsawaita riƙon uwa. Namiji yana hannunta har ya balaga. Mace tana hannunta har a ɗaura mata aure kuma mijin ya tare da ita. Babu maganar yaye a ciki, babu shekara bakwai. Ɗanki ɗan shekara 9, da 'yarki, da na goye, dukkansu riƙonsu naki ne a yau. Asalin wannan hukunci hadisi ne da Abu Dawud ya ruwaito, na matar da ta kai kuka wurin Manzon Allah (SAW) cewa mijinta ya sake ta yana so ya ƙwace ɗanta, ya ce mata ita ce ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Imam Malik ma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya kama dantsensa ya ɗora shi a gabansa a kan abin hawa. Kakar yaron ta cim masa ta ce ba za a tafi da shi ba. Suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya ce wa Umar ya bar mata yaron, Umar bai ƙara cewa uffan ba. Ki lura, ba ma uwar ba ce ta tsaya, kaka ce.

Wannan ya kawo mu ga jerin masu riƙo, wanda mutane suke mamaki in sun ji shi. In riƙo ya faɗi daga hannun uwa ba uba ne yake bi ba. Kakar yara ta wajen uwa ce, sai kakar uwar, sai innarsu wato 'yar'uwar uwa, sai innar uwar, sannan a tsallaka zuwa kaka ta wajen uba, sannan uban, sai yayar yaran mace, sai gwaggonsu. Ko uban ne riƙo ya faɗo wa, sharaɗi ne ya kasance yana da macen da za ta kula da su a gidan. Yayan mijinki da aka turo ba ya cikin na gaba-gaba ko kusa.

Abubuwan da suke zubar da riƙo su ne ya kamata ki kiyaye, domin ta nan lauyan ɓangarensa zai shigo. Na farko sabon aure. In kika auri wanda ba muharramin yaran ba ne kuma kuka tare, riƙo ya koma ga mahaifiyarki, da sharaɗin ba gida ɗaya take zaune da ke ba. Ɗaura aure kaɗai ba ya zubar da shi, tarewa ce take zubarwa. Akwai togiya: in mijin muharramin yaron ne, kamar baffansa, ko jinjirin ya ƙi karɓar nonon kowa, ko babu wani mai riƙon da ya cancanta, ko kuma wanda riƙo zai koma gare shi ya san da auren ya yi shiru har shekara guda ba uzuri, to yaro yana nan a hannunki. Abin da ya fi zafi shi ne, a mashahurin zancen mazhaba, in riƙo ya faɗi ta hanyar aure ba ya dawowa ko da auren na biyu ya mutu. Don haka duk mai shirin sabon aure ta zauna da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta tun kafin a sa rana, a san inda yara za su zauna, kada a bari sai uban ya zo da sammaci.

Na biyu shi ne sarayar da riƙo da kanki, kuma shi ne dalilin da na ce kada ki miƙa su. Uwar da ta ba da 'ya'yanta da yardarta ba tare da uzuri ba, in ta dawo daga baya tana nema, za a ce mata ta riga ta sarayar. Wadda rashin lafiya ko wata larura ta sa ta bari, in larurar ta gushe riƙonta yana dawowa. Da yawa iyayen mace ne suke cewa a ba shi 'ya'yansa a huta, wani lokaci don kunya, wani lokaci don buhun masarar gidan ba zai ɗauki ƙarin baki uku ba. Ina gane wannan matsi, ba ƙaramin abu ba ne uba mai ƙaramin ƙarfi ya ga 'yarsa ta dawo da jikoki uku. Amma maganin wannan a tilasta wa uban yaran ya ciyar, ba a miƙa 'yar shekara 5 ga kishiyar uwa ba. In kuwa ya riga ya ɗauke su da ƙarfi, ko ya ce su zo hutu ya hana su dawowa, kada ki yi shiru wata da watanni. Ki shigar da ƙara a makon, domin dogon shiru shi ake fassarawa da yarda. Kuma kada ki tara 'yan'uwanki maza a je a ƙwato su, wannan yana mayar da maganar riƙo ta zama shari'ar faɗa a ofishin 'yan sanda.

Na uku ƙaura. In mai riƙo za ta tashi ta koma wani gari da zama, nisansa ya kai baridi shida, wato wajen kilomita 120 zuwa 130, uba yana iya neman a bar masa yaran. Daga Kano zuwa Wudil bai kai ba, daga Kano zuwa Kaduna ya wuce. Haka in uban ne zai ƙaura ƙaura ta zama, ba tafiyar fatauci ba, kuma hanya da garin akwai aminci, yana iya neman tafiya da su, sai in uwar za ta bi su garin. Alƙali yana bincikar ko ƙaurar ta gaskiya ce ko dabara ce ta raba uwa da ɗa. Sauran sharuɗɗan su ne hankali, da lafiyar da za ta iya ɗawainiya, da amana a addini da tarbiyya, da gida mai tsaro musamman ga 'ya mace, da rashin cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da yaro. Wanda ya ce uwa ba ta da amana shi zai kawo shaida, zargi da baki ba ya isa. Talaucin uwa kuwa ba ya cikin abin da ke zubar da riƙo ko kaɗan, tunda ciyarwa ba a kanta take ba.

Shi ma uban yana da nasa, kuma in kika tauye masa kin ba shi makami. Shi ne waliyyinsu. Yana da ikon ganinsu, da duba karatunsu da tarbiyyarsu, kuma shi ne zai aurar da 'yarsa. Ki nemi a rubuta ranakun ziyara a fili, misali yinin Asabar ko Lahadi, da yadda za a raba hutun makaranta da kwanakin Sallah, da wanda zai zo ɗauka da lokacin da za a dawo da su. Hana uba ganin 'ya'yansa don bai kawo kuɗi ba kuskure ne, ko da zuciya tana raya miki hakan. Kuɗin ta kotu ake karɓarsa.

Ciyar da yara kuma tana kan uba har namiji ya balaga yana da lafiyar neman na kansa, mace kuma har mijinta ya tare da ita. Ɗan da ya balaga da naƙasar da ta hana shi nema, ciyarwarsa ba ta faɗuwa. Ke za a damƙa wa kuɗin ko kayan abincin. Ba shi da ikon cewa a riƙa turo su gidansa su ci su koma. Babu wani adadi da aka yanke wa kowa da kowa, alƙali ne yake ƙiyastawa gwargwadon ƙarfin uban da farashin kasuwar garin. A nan ne mata suke yin asara, domin in alƙali ya tambaya nawa kike nema sai a ce duk abin da kotu ta gani. Kada ki ce haka. Ki zauna da takarda da biro ki rubuta abin da yara uku suke ci a wata: kwano nawa na shinkafa, nawa na masara ko gero, wake, man gyaɗa da manja, kuɗin cefanen kullum, gawayi ko gas, sabulun wanka da na wanki, man shafawa, kunun jinjiri. Ki rubuta kuɗin makarantar boko na kowane zango da littattafai da kayan makaranta, da kuɗin Islamiyya, da kuɗin mota in suna hawa. Ki sa sutura, har da kayan Sallah da na sanyi. Magani ki nemi a ware shi daban, a ce duk lokacin da yaro ya kwanta uba ne zai biya bisa rasit, domin in aka cusa shi cikin kuɗin wata, zazzaɓi ɗaya zai cinye abincin mako biyu. Ki sa kason yara na kuɗin haya in haya za ki kama, domin muhallinsu ma yana kansa bisa ƙiyasin alƙali. Kowane abu ki sa farashinsa na ranar a gefe. Sannan ki zo da abin da ke nuna ƙarfinsa: inda yake aiki, shagonsa a wace kasuwa, motar haya ko gidan haya in yana da su, makarantar da yake biya wa sauran 'ya'yansa. Maza da yawa a gaban alƙali suke zama matalauta.

Akwai wata ƙa'ida da ta sa jinkiri yake da tsada. Ciyarwar mata bashi ce da ba ta faɗuwa in miji yana da hali. Ta 'ya'ya kuwa tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba. Don haka abin da kike kashewa yanzu, ko mahaifinki yake kashewa, a faɗa a gaban mutum biyu cewa ana yi ne da niyyar karɓa daga uban, a kuma riƙa ajiye rasit. Ana iya sa ki rantsuwa a kan wannan niyya. In kuwa ta tabbata uban ba shi da komai da gaske, Malikiyya ba ta ɗora wa kakan yara ko baffansu ciyarwa dole, sai dai taimako na zumunci. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma gara ki san ta kafin ki shiga.

Maganar mayar da sadaki ba ta shafe ki ba. Shi ya sake ki da kansa, sadaki ya zama naki tun ranar da aka tare. Mayar da sadaki yana zuwa ne a khul'i, inda mace ce take neman fansar kanta ba tare da wani laifi na miji da ta tabbatar ba. Ga inda tarkon yake: in ya ji kin kai ƙara yana iya yin kome tunda kina cikin idda, ba don yana son zaman ba, sai don ya ƙuntata miki har ki ce a raba ki biya shi. In haka ta faru kada ki yi gaggawar cewa khul'i kike so. Malikiyya ta ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa, kamar duka da zagi da ƙaurace wa shimfiɗa, ko saboda rashin ciyarwa, ba tare da mace ta biya ko sisi ba. Ana tabbatar da cutarwa da shaidu, har da shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta, da takardar asibiti in akwai rauni. In abin ya rikice alƙali yana naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce. Ko wadda ta riga ta biya khul'i, in ta tabbatar daga baya cewa cutar da ita aka yi har ta biya, ana mayar mata da kuɗinta kuma sakin yana nan. Ki kula sosai da takardar khul'in da aka rubuta cewa mace ta yafe riƙon yara ko ta ɗauki nauyin ciyar da su. Irin wannan sharaɗi yana iya ɗaure ta a mazhabar nan, kuma da yawa suna sa hannu cikin ɗokin rabuwa, sai bayan wata shida su gane abin da suka sayar.

Kayan ɗaki naki ne: gado, katifa, kujeru, kwanuka, duk abin da iyayenki suka yi miki, da lefe da duk kyautar da ya ba ki kika karɓa. In aka yi jayayya kan wani abu babu shaida, ƙa'idar ita ce abin da aka saba na mata ne a ba mace da rantsuwarta, wanda aka saba na maza ne a ba namiji da tasa. Firji da talabijin da janareta su ne ake yawan rigima a kai, don haka rasit ko hotunan jere ko matan da suka yi jeren suna da amfani. Kada ki fasa ƙofa. Ki nemi kotu ta haɗa ki da ma'aikacinta a buɗe a gaban wakilinsa, a rubuta abin da aka fitar. Gida ko fili na miji ba a raba shi da mace don kawai an yi aure, amma in kin sayar da gwal ɗinki ko kin kwashi adashi kin zuba a gininsa ko jarinsa, wannan da'awa ce ta kuɗi mai zaman kanta, ki shigar da ita da hujjarta.

Ta inda za ki fara: ki gwada sulhu sau ɗaya, da waliyyan da suka ɗaura auren ko mai unguwa ko ofishin Hisbah na ƙaramar hukumarku, amma ki sa wa abin wa'adi, mako biyu ya isa. Hisbah tana sasantawa ne, ba ta yanke hukuncin da ake zartarwa da ƙarfi. Duk abin da aka amince a rubuta shi da adadi da rana, a sa hannu da shaidu, sannan a kai kotu ta mayar da shi hukunci. In sulhu ya ƙi, ki je kotun Shari'ar Musulunci ta yankin da yake zaune. Ba dole sai da lauya ba, kina iya faɗa da baki rajistara ya rubuta, ki biya kuɗin shigar da ƙara da na sammaci ki karɓi rasit. Ki ba da adireshin da za a same shi da gaske, gida da wurin aiki, domin rashin isar da sammaci shi ne ya fi jawo ɗage zama. Ki ambaci buƙatunki ɗaya bayan ɗaya, riƙo, ciyarwar yara, ciyarwar idda da bashin wata biyu, ladan shayarwa, kayan ɗaki, domin alƙali ba ya ba da abin da ba a nema ba. Ki roƙi umarnin wucin gadi na abincin yara kafin a gama shari'a. Ki tafi da takardun haihuwarsu da katin rigakafi da rasit na makaranta. In kina son lauya ba ki da kuɗi, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, duka suna da ofis a Kano.

Wajen zaɓen shaidu a kula. Shaidar uba ko uwa ga 'yarsu ba ta karɓuwa, haka ta wanda ke da sananniyar gaba da wanda ake ƙara. Tabbatar da saki in an musanta yana buƙatar maza biyu adilai. Maganar kuɗi kuwa tana tabbata da maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwarki. Kafin ya yanke hukunci alƙali zai yi izari, wato ya tambayi kowannenku ko yana da sauran magana ko hujja. Wannan ce damarki ta ƙarshe, in akwai abin da aka tsallake ki faɗe shi a sa a rubuce. In hukunci bai yi miki ba, ki nemi kwafinsa a ranar, ki ɗaukaka ƙara cikin kwana 30. Matakan suna hawa har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba hurumin aure da saki da riƙo da ciyarwa, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya da Kotun Ƙoli.

Duk wannan na auren Musulunci ne. Wadda aka ɗaura nata a rajista ko a cocin da ke da lasisi, shari'arta tana Babbar Kotun Jiha ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, inda kotu ce kaɗai take raba aure, tana iya yanke wa tsohuwar mata kuɗin kulawa da kaso a dukiya, riƙo kuma ana ba da shi ne bisa abin da ya fi zama maslaha ga yaron.

Samun hukunci rabin aiki ne, domin da yawa sukan biya wata biyu su daina. Ki nemi a rubuta ranar biya a cikin hukuncin, kuma biyan ya bi ta kotu ko ta asusun bankinki, kada ya zama kuɗi a hannun ɗan aike da ba wanda zai shaida. In ya tsallake wata ɗaya ki koma kotun da ta yi hukuncin ki nemi a zartar, kada ki bari ya taru ya yi yawan da zai ce ba zai iya ba. Kotu tana da ikon sake kiransa, da kama kadararsa, da tsare shi in ta tabbata yana da hali taurin kai ne kawai. Adadin da aka yanke ma ba na har abada ba ne. In kaya suka yi tsada, ko babban ya shiga sakandare, ko na goye ya isa makaranta, ki koma da sabon lissafi a rubuce ki nemi a ƙara.